SHARHI: Kujerar Gama-gari: Abin Da Ke Jiran Ma'aikacin Gwamnati Daga Ikeja Zuwa Ƙasar Waje

A tsakiyar watan Oktoban 2019 ne ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, Boss Mustapha, ya fitar da sanarwar da ta raba wa kowane jami'i wurin zamansa a cikin jirgin sama. Ministoci da manyan sakatarori da mashawarta na musamman da manyan mataimaka na musamman ga shugaban ƙasa da shugabannin hukumomi aka bar wa sashen 'yan kasuwa, inda kujera ke miƙewa ta zama gado. Duk wanda ba ya cikin wannan jeri, tun daga darakta mai mataki na 17 har zuwa hadimin da ke riƙe wa minista jaka, wurinsa sashen gama-gari ne, wanda ma'aikatan jirgi ke kira ikonomi. Sanarwar ta kuma soke biyan kuɗin guzuri na ranakun da ake kan hanya, ta taƙaita shi ga ranakun taro kawai.

Gwamnatin Bola Tinubu ta ƙara ɗaure wannan igiya. Bayan cece-kucen da aka yi kan taron sauyin yanayi na Dubai a ƙarshen 2023, inda aka ga sunayen 'yan Najeriya 1,411 a rajista, gwamnati kuma ta ce mutum 422 ne ta ɗauki nauyinsu, sai fadar shugaban ƙasa ta sanar a watan Janairun 2024 cewa minista ba zai fita waje da fiye da mutum huɗu ba, shugaban hukuma kuma da mutum biyu. Daga 1 ga Afrilun shekarar aka dakatar da tafiye-tafiyen waje da kuɗin gwamnati har na wata uku, in ban da wadda ta zama dole, ita ma sai an nemi amincewar shugaban ƙasa aƙalla mako biyu kafin tashi.

Manufar ba ta da aibi. Ƙasar da ke fama da tsadar dala ba ta da hujjar kwantar da kowane jami'i a gadon jirgi. Sai dai dokokin sun tsaya ne a kan ajin kujera da yawan 'yan rakiya, suka bar abubuwa biyu da suka fi tasiri ga baitulmali da kuma aikin da aka tura mutum ya yi: lokacin da ake sayen tikiti, da halin da jami'i ke sauka a ciki. Kafin a gyara waɗannan, nauyin yana kan ma'aikaci ne, a jikinsa da aljihunsa, kuma abin da zai rage masa shi ne sanin abin da ke gabansa tun daga ƙofar gida.

Kafin jirgi, akwai hanya

Ga ma'aikatan tarayya da yawa, ƙofar fita ƙasar waje ita ce Legas. Jami'an kwastam da na hukumar tashoshin jiragen ruwa da na Majalisar Masu Jigilar Kaya ta Ruwa da ke aiki a Apapa, su ne ake turawa Landan wajen tarukan Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya, ko Brussels inda hedikwatar Ƙungiyar Kwastam ta Duniya take. A da can, daga gaɓar Apapa ɗin ma ake tashi. Jirgin ruwan Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi ta kai ma'aikata da ɗalibai Ingila cikin kusan mako biyu, har zuwa 1974 da ya daina. Yau tafiyar awa shida da rabi ce daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, amma isa filin daga Apapa na iya cin rabin wannan lokaci idan tankokin mai da manyan motocin kwantena suka toshe babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi. Kamfanoni na son fasinja ya iso awa uku kafin tashi, kuma yawancinsu suna rufe tantancewa saura awa ɗaya. Wanda ya iso bayan an rufe, ko jirgin na tsaye yana kallonsa, ya rasa shi.

Ma'aikacin Abuja ma ba kullum yake tsira daga Legas ba. Jiragen da ke zuwa Amurka kai tsaye, Delta zuwa Atlanta da United zuwa Washington, daga nan suke tashi, nan ne kuma Emirates ya dawo da zirga-zirgarsa. A wannan gaɓa akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Tikitin Abuja zuwa Legas, ko Kano zuwa Legas, galibi daban ake sayensa da na ƙasar waje. Idan jirgin cikin gida ya yi jinkiri, abin da ba baƙo ba ne musamman a lokacin hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, kamfanin waje ba shi da alhakin komai. Zai rubuta cewa fasinja bai zo ba, ya caje shi tara kafin ya sauya masa rana. Ga shi kuma tashoshin jiragen cikin gida a wani gefen filin suke, sai an kwashi kaya an shiga mota kafin a kai tashar jiragen waje.

Shi ya sa tsofaffin matafiya daga Arewa kan sauka Legas tun da safe ko su kwana. Agege, wadda Hausawa suka zauna tun zamanin fataucin goro da zuwan layin dogo, tana maƙwabtaka da Ikeja, kuma wanda ke da ɗan'uwa a Zangon Agege ya fi wanda ya kama otal a Tsibirin Victoria kusa da jirginsa. Yana da kyau kuma a tambayi daga wane gini jirgin zai tashi. Filin na da tsohuwar tasha da aka buɗe a 1979 da sabuwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Maris na 2022, a 2025 kuma Majalisar Zartarwa ta amince da fiye da naira biliyan 700 don sake gina tsohuwar. Muddin ana wannan aiki, wurin tantance fasinja na iya sauyawa.

Sashe ɗaya, farashi iri-iri

Abin da yawancin fasinjoji ba su lura da shi ba shi ne, mutum biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa a sashen gama-gari ba kuɗi ɗaya suka biya ba. Kamfanin jirgi kan kasa kujerun sashen zuwa rukunoni, kowanne da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Masu araha su ake fara sayarwa, kuma suna zuwa da takura: ba a mayar da kuɗi, sauya rana sai da tara, zaɓen kujera sai an biya. Idan ranar tashi ta matso, abin da ke saura shi ne rukuni mafi tsada, wanda kan ninka na farko, ga shi kujerar ba ta ƙara faɗi ko da inci ɗaya ba.

'Yan Najeriya sun ɗanɗana wannan tsari da zafinsa a 2022 da 2023. Kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje sun maƙale a ƙasar saboda ƙarancin dala, har Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya ta ce sun kai dala miliyan 850 a watan Yunin 2023. Emirates ya dakatar da zuwa a ƙarshen Oktoban 2022, bai dawo ba sai 1 ga Oktoba, 2024. Waɗanda suka ci gaba da zuwa sun rufe rukunonin tikiti masu araha ga masu saye daga Najeriya, suka bar masu tsada kawai. A daidai wannan lokaci ne aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa, kuma da yake da dala ake ƙiyasta tikitin waje, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Al'amura sun fara sauƙi a 2024, lokacin da Babban Banki ya biya mafi yawan kuɗin, Air Peace kuma ya fara zuwa filin Gatwick na Landan daga Legas ranar 30 ga Maris da tikitin gama-gari na zuwa da dawowa a kan naira miliyan 1.2. Nan da nan kamfanonin waje suka sassauto da nasu.

Darasin da ke cikin wannan ga ofisoshin gwamnati a bayyane yake. Duk wanda ya taɓa bin fayil ɗin tafiya ya san yadda takardar gayyata kan iso da wata biyu a gaba, ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, amincewa ta fito saura kwana uku, kuɗi kuma su biyo baya. A lokacin, tikitin da ya rage shi ne mafi tsada a sashen, kujerar da ta rage kuma ta tsakiya ce a can baya kusa da banɗaki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gwamnati ta biya kuɗin da ya doshi na sashen gaba, jami'i kuma ya sami wurin da kowa ya ƙi.

Takardu da kaya

A teburin tantancewa, ma'aikacin kamfani zai duba abin da ya wuce tikiti. Ƙasashe da yawa na son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ana buƙatar katin shaidar rigakafin cutar shawara, wanda sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa, kuma tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Wanda ke ɗauke da kuɗin da suka haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu, wajibi ne ya bayyana su ga kwastam, ko da na ofis ne.

Bizar yada zango ita ce ta fi ba mutane mamaki. Najeriya na cikin ƙasashen da 'yan ƙasarsu ke buƙatar wannan biza ko da sauya jirgi kawai za su yi a Paris ko Frankfurt ko Amsterdam ba tare da sun fita daga filin ba. An ɗauke wa masu fasfon diflomasiyya, wato ja, da masu ingantacciyar bizar ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Japan. Shuɗin fasfo na aikin gwamnati, wanda yawancin ma'aikata ke riƙe da shi, ba ya cikin wannan rangwame na bai ɗaya. Birtaniya ma na da irin nata sharaɗin. Don haka tikitin da ya yi araha saboda ya bi ta Turai zuwa wata ƙasa ta uku na iya zama tikitin da ba za a bari mutum ya hau jirgi da shi ba. Masu bi ta Addis Ababa ko Doha ko Istanbul ba su cika haɗuwa da wannan matsala ba.

Game da kaya, yawancin kamfanoni na ba fasinjan gama-gari daga Najeriya jaka biyu masu kilo 23 kowacce, da ta hannu mai kilo bakwai ko takwas, amma wasu tikitoci masu araha jaka ɗaya suke bayarwa, kuma abin da ke rubuce a tikiti shi ne hukunci. Ba a haɗa nauyin jakunkunan a raba biyu: mai kilo 27 za ta ci tara ko da 'yar'uwarta kilo 15 ce. Ruwa ko turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Batirin guzuri na cajin waya kuwa akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan da za a loda. Magani da takardun taro da kayan sawa na kwana ɗaya su ma wurinsu jakar hannu ne, domin babbar jaka na iya yin nata balaguron daban.

Tsarabar gida na da nata haɗarin. Birtaniya da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin a shigo da nama daga Najeriya, kuma kilishi da dambun nama duk nama ne a wurinsu. Goro, wanda shi ya kafa Zangon Agege, haramtacce ne a shiga da shi Saudiyya, kuma Hukumar Alhazai ta Ƙasa na maimaita wannan gargaɗi duk shekara. Magunguna irin su tiramadol da masu sinadarin kodin na iya kai mutum gidan yari a ƙasashen Larabawa in babu takardar likita.

Mafi muni shi ne kayan da ba naka ba. A ƙarshen 2018 hukumomin Saudiyya suka tsare wata ɗaliba mai karatu a Kano da ta je Umara, saboda an sami ƙwayoyi a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin Malam Aminu Kano suka maƙala sunanta a jakar da ba ta taɓa gani ba, kuma sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta. Abin da ke kare matafiyi a nan ƙaramar takarda ce da ake manna masa a bayan katin shiga jirgi. Ya ƙirga ya tabbatar yawan lambobin ya yi daidai da yawan jakunkunansa, ya ɗauki hotonsu da na jakunkunan, ya adana har ya dawo. Hadimai su suka fi shiga wannan haɗari, domin su ake miƙa wa jakar maigida da saƙon 'yan'uwan maigida a rubuta da sunansu. Duk jakar da aka rubuta da sunan mutum, a gaban doka tasa ce, kuma kunyar cewa a buɗe a gani ba ta kai kunyar ankwa ba.

A cikin jirgi

Tazarar da ke tsakanin kujera da ta gabanta a sashen gama-gari kan kasance inci 30 zuwa 32, faɗinta kuma inci 17 zuwa 18. A yawancin jirage samfurin Boeing 777 mutum goma ne a layi ɗaya, uku a kowane gefe, huɗu a tsakiya. A samfurin 787 da Airbus A350 tara ne. Kujerar na ɗan kwantawa baya kaɗan, kuma idan na gaba ya kwantar da tasa, buɗe kwamfuta a kan ɗan teburin ya zama aiki. Wanda ke shirin kammala jawabin maigidansa a cikin jirgi gara ya gama shi a ƙasa. Dogon mutum, ko mai yawan zagayawa, kujerar bakin hanya ta fi masa, mai son barci kuma ta gefen taga. Ana samun zaɓi ne ta hanyar yin rajistar shiga ta intanet da zarar an buɗe, galibi awa 24 kafin tashi. Babbar riga da rawani sun fi kyau a jaka har a sauka. Cikin jirgi da sanyi, kuma tufafi marasa nauyi da rigar sanyi ɗaya sun fi amfani.

Iskar da ake shaƙa a ciki daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma ta fi ta hunturun Kano bushewa. Shi ke kawo bushewar maƙogwaro da ciwon kai da kumburin ƙafa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zama wuri ɗaya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, ko da yake abin kan sami kusan mutum ɗaya ne cikin 6,000. Haɗarin ya fi yawa ga masu ƙiba da masu juna biyu da waɗanda aka yi wa tiyata kwanan nan da wanda ya taɓa samun matsalar. Duk tafiyar da ta tashi daga Legas zuwa wajen Afirka ta haura wannan awa huɗun: Landan shida da rabi, Dubai kusan takwas, Atlanta sha biyu ko fiye. Maganin ba shi da tsada, shan ruwa akai-akai ne da motsa ƙafa da tashi a taka duk bayan awa ɗaya ko biyu. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tambayi likitansa yadda zai daidaita lokacin shan magani da sabon agogo. Wanda ya ji ciwo da kumburi a ƙafa ɗaya, ko numfashi ya yi masa wuya bayan sauka, asibiti zai nufa kafin zauren taro.

Abinci na cikin kuɗin tikiti a dogayen tafiye-tafiye: babban ci ɗaya bayan tashi, da ɗan abin taɓawa kafin sauka. Zaɓin biyu ne ko uku, kuma kafin keken ya kai layukan baya sau da yawa ɗaya ya rage. Kamfanoni irin su Emirates da Qatar da Turkish da Saudia abincinsu na halal ne. A sauran, sai an nemi abincin Musulmi ko na mai ciwon suga tun kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, kuma wanda ya nema shi ake fara kawo wa. Alwala a ɗan ƙaramin banɗakin jirgi wuya gare ta, ma'aikata kuma ba sa barin a tsaya sallah a hanya ko a bakin ƙofa. Matafiya da yawa kan yi amfani da rangwamen kasaru da haɗa salloli, su yi a masallacin filin jirgi kafin hawa ko bayan sauka.

Idan abu ya lalace

Fasinjan gama-gari na da haƙƙoƙin da ba su gaza na mai sashen gaba ba, sai dai kaɗan ne ke nemansu. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ta shigar cikin dokarta ta sufurin jiragen sama, ta ɗora wa kamfani alhakin kayan da suka ɓata ko suka lalace ko suka yi jinkiri, har zuwa kusan dala 2,000 ga kowane fasinja bisa ƙarin da aka yi a ƙarshen 2024. Sharaɗin shi ne a cike takardar rahoto kafin a bar wurin karɓar kaya, a kuma rubuta ƙorafi cikin kwana bakwai idan lalacewa ce, ko kwana 21 idan jinkiri ne. Rasiɗin abin da aka saya na dole, kamar rigar da za a shiga taro da ita, a adana shi domin ana biya.

A kan jinkirin jirgi, dokar Tarayyar Turai ta tanadi diyyar da ta kai Yuro 600 ga doguwar tafiya idan an isa a makare da fiye da awa uku, ta Birtaniya kuma fam 520, ana iya raba ta biyu idan jinkirin bai kai awa huɗu ba. Dokar ta shafi duk jirgin da ya tashi daga can, da kuma jirgin kamfaninsu da ya tashi daga Legas ko Abuja zuwa can. Ba a biya idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi ko rufe sararin samaniya irin wanda Nijar ta yi a watan Agustan 2023. A gida kuwa, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa na da sashen kare haƙƙin fasinja da jami'ai a filayen jirgi.

Abin da ya rage wa gwamnati

Yawancin jiragen Turai na tashi daga Legas da dare su sauka da asuba. Tun da an soke guzurin ranakun hanya, jami'in da ba ya son biyan otal daga aljihunsa zai zaɓi jirgin da zai sauke shi a safiyar taron. Ya kwana a zaune, ya wanke fuska a filin jirgi, ya shiga zaure ya zauna a bayan allon da aka rubuta Najeriya. Idan New York ce, agogon jikinsa ya sha gaban na garin da awa biyar ko shida, idan Beijing ce yana baya da awa bakwai. Minista mai guzurin dala 900 a rana ya yi barcinsa a kwance. Jami'in da ke tsakanin mataki na 7 da na 14, mai dala 381, shi ne zai zauna a kwamitin ƙwararru inda ake tsefe kalmomin yarjejeniya layi bayan layi, yana fuskantar takwarorin da suka iso tun jiya suka huta. Abin da aka tsimi a kuɗin kwana ɗaya na otal, ana iya asarar ninkinsa a sakin layi ɗaya da ya wuce mutum yana gyangyaɗi.

Gyaran ba ya buƙatar a mayar da kowa sashen 'yan kasuwa. Yawancin tarukan ƙasa da ƙasa an san ranakunsu tun farkon shekara, kuma sanarwar 2019 ɗin kanta ta umarci ma'aikatu su miƙa jadawalin tafiye-tafiyensu na shekara tun da wuri. Da za a bi wannan, a kuma kafa ƙa'idar sayen tikiti aƙalla mako huɗu kafin tashi, tare da neman bayani a rubuce daga duk ofishin da ya saɓa, da an sami ragin da ya isa ya biya kwana ɗaya na hutawa ga duk tafiyar da ta haura awa takwas. Haka nan, ofisoshin kula da tafiye-tafiye su riƙa lissafa kwanan Legas cikin kuɗin tafiya ga wanda ya taso daga Abuja ko Arewa, su kuma tabbatar da batun bizar yada zango kafin su biya kuɗin tikiti.

Akwai kuma batun dokar da Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ke fafutukar a kafa, wadda za ta wajabta wa masu tafiya da kuɗin gwamnati hawa jiragen kamfanonin gida, kwatankwacin wadda Amurka ta kafa tun 1974. Tun bayan durƙushewar Nigeria Airways a 2003 ƙasar ba ta da kamfanin jirgi na gwamnati, kuma shirin Nigeria Air da aka nuna jirginsa a Abuja a watan Mayun 2023 bai tashi ba. Zuwan Air Peace Landan ya nuna cewa gasa na sauko da farashi. Amma idan za a tilasta wa ma'aikaci kamfani guda, wajibi ne dokar ta fayyace abin da zai yi idan kamfanin ba ya zuwa inda aka tura shi, ko ya soke tashi a daren taro.

Sashen gama-gari ya riga ya zama mazaunin mafi yawan wakilan Najeriya a tarukan duniya, kuma babu alamar hakan zai sauya. Ma'aikacin da ya bar Apapa da wuri, ya ƙirga lambobin kayansa, ya san haƙƙinsa, ya yi abin da ke hannunsa. Sauran yana hannun masu sa hannu a fayil, kuma kowane kwana da fayil ya ƙara a kan tebur, baitulmali ne ke biyansa da dala.